Sankarar Kaluluwa da Ƙarar Likita a Kotu: Bambancin Kuskure da Sakaci

Gabatarwa

Kaluluwa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Yaro ya yi tuntuɓe ya ji rauni a ɗan yatsa, bayan kwana biyu sai ta fito masa a matsematsi. Haƙori ya yi ciwo, sai a ji ɗan ƙullutu a ƙarƙashin haɓa. Da zarar raunin ya warke ita ma sai ta baje. Wannan sabo ne ya sa mutum ba ya tayar da hankalinsa don ya shafa wuya ya ji ƙullutu. To amma akwai kaluluwar da babu wani rauni a bayanta, ba ta zafi, ba ta kuma bajewa, sai dai ta yi ta girma a hankali. Irin wannan tana iya zama sankara.

A ƙaddara wani magidanci ne manomi a wani ƙauye da ke tsakanin Kiyawa da Jahun. Bayan girbi ya ji ƙullutu a gefen wuyansa. Ranar kasuwar Shuwarin ya biya ta kemis aka haɗa masa ƙwayoyi, ƙullutun ya ɗan lafa, sannan ya dawo. Bayan wata biyu, ga zazzaɓi da gumin dare da rama, sai ya tafi asibiti. Likita ya duba shi ya ce tarin fuka ne na kaluluwa, aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Ya shanye maganin tas, amma ƙullutun ya zama uku, wani kuma ya fito a hamata. Sai a lokacin aka tura shi babban asibiti, aka yanki tsokar aka auna, sakamako ya nuna sankarar kaluluwa ce, kuma ta riga ta bazu. Misali ne wannan, amma duk likitan da ya daɗe yana aiki a Arewa ya san irinsa.

Tambayar da iyalin wannan bawan Allah za su yi ita ce, shin akwai wanda za a kama da alhakin watannin da suka salwanta? Wannan maƙala za ta duba amsar ta fuskar ilimin likita da ta shari'a.

Mece ce sankarar kaluluwa?

Baya ga jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikin ɗan Adam da ke kwashe wani ruwa garai-garai daga tsokoki suna mayar da shi cikin jini. A kan waɗannan hanyoyi akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu kama da ƙwayar wake, ɗaruruwa ne a jiki, sun fi taruwa a wuya da hamata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki. Aikinsu tace ruwan, kuma a cikinsu ne wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini ke zaune yana dakon cuta. Idan cuta ta shigo sai waɗannan ƙwayoyi su hayayyafa don yaƙarta, wurin ya kumbura. Kaluluwar da kowa ya sani ke nan. Sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, tana samuwa ne idan ƙwayoyin suka lalace suka shiga hayayyafa ba dalili, ba kuma tsayawa.

Cutar iri-iri ce, amma an kasa ta gida biyu. Gida na farko shi ne wanda ke ɗauke da sunan Thomas Hodgkin, likitan da ya bayyana shi a Landan a 1832. Ana gane shi da wata ƙatuwar ƙwaya da ake gani a madubin likita, wadda Carl Sternberg a 1898 da Dorothy Reed a 1902 suka siffanta. Gida na biyu ya tattara duk sauran, waɗansu masu tafiyar hawainiya, waɗansu masu saurin gaske. A cikin masu sauri akwai wadda ta fi addabar yaran Afirka, wato limfomar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta ƙasar Yuganda. Tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964, da kuma yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Ƙarinta yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka jinkirin mako guda ma babbar hasara ce.

Abin da ya bambanta limfoma da sankarori da yawa shi ne tana jin magani. Tun a shekarun 1960 aikin da Victor Ngu ya yi a Asibitin Koyarwa na Ibadan ya taimaka wajen nuna cewa allura kaɗai tana narkar da limfomar Burkitt, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt da waɗansu a 1972. A ƙasashen da suke da kayan aiki, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu cutar Hodgkin suna warkewa. Sai dai samun sauƙin ya danganta da matakin da aka tarar da cutar. Tsarin Ann Arbor na 1971 ya kasa ta mataki huɗu: na farko tana rukunin kaluluwa ɗaya, na biyu ta kama rukuni biyu ko fiye a ɓangare ɗaya na tantanin da ya raba ƙirji da ciki, na uku ta tsallaka tantanin, na huɗu kuwa ta shiga hanta ko ɓargo ko huhu. Da cuta ce marar magani, jinkirin gano ta ba zai sauya komai ba. Da yake tana da magani, kowane wata da aka ɓata yana da farashi, kuma a nan ne maganar shari'a ke shigowa.

Dalilin da ya sa ake rikita ta da tarin fuka

Alamomin da likitoci ke nema ga mai limfoma su ne zazzaɓin da ya wuce awo 38, da gumin dare mai jiƙa tufafi, da zubewar fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata shida. Waɗannan alamomi kuwa su ne na tarin fuka. Ƙwayar tarin fuka ba a huhu kaɗai take zama ba, tana kama kaluluwar wuya ƙwarai, kuma mai irin wannan yana iya zama ba ya tari ko kaɗan, kakinsa ma ba ya nuna komai. A littafi akwai bambanci: kaluluwar tarin fuka takan manne da juna, ta yi ruwa ta fashe, ta limfoma kuwa takan yi tauri irin na roba, ba ta zafi. A gaban likita sau da yawa hannu ba ya iya rarrabewa.

Ƙari a kan haka, lissafi yana bayan likitan da ya ce tarin fuka ne. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka buga a 2007 a kan tsokar kaluluwar da aka auna a Kano ya nuna tarin fuka ne ke kan gaba, ko da yake sankara ita ma tana da kaso mai yawa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, gwajin tsoka kuwa sai an biya, sai kuma an yi tafiya. Saboda haka likitan karkara yakan gwada maganin tarin fuka ya gani. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne kaluluwar tarin fuka ta gaskiya takan ƙara kumbura a makonnin farko na shan magani kafin ta sauka, ga shi kuma cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, musamman mai cutar ƙanjamau. Haka nan ƙwayoyi irin su dezametason da firedinisolon, waɗanda ake sayarwa barkatai a kemis, suna motsar da ƙarin limfoma na ɗan lokaci, majinyaci ya ɗauka ya warke, sannan su ɓata sakamakon gwajin da za a yi daga baya.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, wato a ciro kaluluwar ko wani yanki nata, likitan binciken tsoka ya duba a madubi, a kuma yi mata rinin musamman da ke fayyace irin limfomar. Zuƙo ruwan ƙullutu da siririyar allura yana taimakawa, kuma ana iya sa abin da aka zuƙo a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 don gano tarin fuka. Amma allura takan kuskure limfoma, don haka sakamakon da ya ce ba a ga komai ba bai rufe magana ba. Mutumin tsakiyar Jigawa da ke bukatar irin wannan bincike akan tura shi manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko kuma ya bi ta Kwanar Huguma da Wudil zuwa Asibitin Aminu Kano. Idan ana bukatar gashi akan dangana da wurare irin su Shika ta Zariya. Kowace tafiya kuɗin mota ne da na abinci da na mai jinya, kuma kowace tafiya lokaci ce.

Kuskure daban, sakaci daban

Dokar sakaci da kotunan Nijeriya ke aiki da ita gadon Ingila ce, kuma tushenta shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, inda aka kafa ƙa'idar cewa wajibi ne mutum ya kiyaye kada aikinsa ya cuci wanda ya san aikin zai shafa. Mai ƙarar likita sai ya tabbatar da abu huɗu. Na ɗaya, akwai haƙƙin kulawa a wuyan likitan, wanda ke ƙulluwa da zarar ya karɓi majinyaci, ko da kyauta yake duba shi. Na biyu, likitan ya gaza sauke wannan haƙƙi. Na uku, majinyaci ya cutu. Na huɗu, gazawar ce ta jawo cutarwar. Sashe na 134 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce a shari'ar da ba ta laifi ba ana hukunci ne da rinjayen hujja, wato abin da ya fi yiwuwa ya faru.

Ma'aunin gazawa ya fito ne daga shari'ar Bolam ta 1957. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne ba a kama likita da sakaci idan abin da ya yi ya dace da abin da wani rukuni na likitoci masu hankali da sanin aiki suka yarda da shi, ko da akwai waɗansu likitocin da ke da ra'ayi daban. A shari'ar Bolitho ta 1997 aka ƙara sharaɗin cewa dole ra'ayin wannan rukuni ya tsaya a kan hankali, alƙali yana da ikon watsar da shi idan bai tsaya ba. Ƙa'idojin aiki na Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya su ma sun bi wannan layi. A cikin abubuwan da suka lissafa a matsayin sakaci akwai kuskuren gano cuta a inda alamominta suka bayyana ƙarara har babu ƙwararren da zai kasa gani, da kuma ƙin tura majinyaci gaba a kan lokaci alhali akwai bukata.

Idan aka ɗora misalin manomin nan a kan wannan ma'auni, za a ga cewa ranar farko ba ita ce matsala ba. Likitoci da yawa masu sanin aiki, a yankin da tarin fuka ya yawaita, da abin da za su fara zato ke nan. Inda tambayoyi ke tasowa shi ne abin da ya biyo baya. An yi ƙoƙarin tabbatar da tarin fukan da wani gwaji, ko da ido kawai aka yanke? An gaya wa majinyaci cewa gwaji ake yi da maganin, kuma ya dawo idan bai ga sauƙi ba? Da ya zo karɓar magani a wata na biyu da na uku, wani ya shafa wuyansa, ya ɗora shi a sikeli? Mai tarin fuka da ke shan magani yadda ya kamata yakan fara samun sauƙi cikin makonni, zazzaɓi ya sauka, nauyi ya ƙaru. Wanda ya cika wata biyu yana ƙara ramewa, ƙullutu yana ƙara yawa, jikinsa yana faɗa wa likita cewa a sake lale. Doka ba ta neman likitan karkara ya mallaki kayan aikin Kano. Abin da take nema gare shi shi ne ya san iyakarsa, ya rubuta takardar turawa. Sau da yawa sakacin yana cikin nacewa a kan kuskure bayan alamu sun nuna kuskure ne.

Wanda zai gaya wa kotu abin da ƙwararren likita zai yi kuwa sai likita ɗan'uwansa, domin sashe na 68 na Dokar Shaida ya ba da damar sauraron ra'ayin masana. Muhimmancin wannan ya fito a shari'ar Ojo da Gharoro, wadda Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a 2006. Allurar ɗinki ce ta karye a cikin wata mata lokacin tiyata a wani asibitin koyarwa a Benin. A idon talaka hujja ta gama bayyana, amma likitocin suka yi bayanin cewa allura tana iya karyewa ba tare da sakaci ba, ita kuwa ba ta kawo masanin da zai rushe bayaninsu ba, sai ta rasa shari'ar. Idan haka ta faru a kan allurar da ake gani a hoto, to ina ga jinkirin gano limfoma, wanda duk bayaninsa na masana ne?

Shari'ar Gregg da Scott: farashin wata tara

Ko an tabbatar da sakaci, sauran tudu mafi wuya, wato nuna cewa sakacin ne ya jawo cutarwar. A shari'ar Barnett ta 1968 a Ingila, wani mai gadi ya sha shayi mai guba ya je asibiti yana amai, likita ya ƙi fitowa ya duba shi, ya ce ya tafi gida. Mutumin ya mutu. Kotu ta yarda likitan ya yi sakaci, amma ta ƙi ba da diyya, domin hujja ta nuna ko an kwantar da shi maganin gubar ba zai riske shi ba.

Shari'ar da ta fi shahara a kan limfoma ita ce ta Gregg da Scott. A watan Nuwamba na 1994 wani mutum a Ingila ya nuna wa likitansa ƙullutu a hamatarsa ta hagu. Likitan ya ce tarin kitse ne marar illa, bai tura shi ko'ina ba. A shekarar da ta biyo baya wani likitan ya tura shi asibiti, aka gano limfoma ce. Alƙalin farko ya samu likitan da sakaci, ya kuma ƙiyasta cewa an jinkirta magani da kimanin wata tara, lokacin da cutar ta bazu. Masana suka kawo lissafi: da an fara magani a kan kari, damar da yake da ita ta ya shekara goma ba cutar ita ce kashi 42 cikin 100, jinkirin ya mayar da ita kashi 25.

A nan ne rinjayen hujja ya yi masa tarnaƙi. Tun da damarsa tun farko ba ta kai rabi ba, to abin da ya fi yiwuwa shi ne ko an gano cutar da wuri ba zai warke ba, don haka bai tabbatar da cewa likitan ne ya hana shi warkewa ba. Lauyoyinsa suka ce to a biya shi diyyar damar da aka rage masa. Magana ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, kuma a watan Janairu na 2005 alƙalai uku cikin biyar suka ƙi amincewa. Hujjarsu ita ce idan aka buɗe wannan ƙofa kusan kowace ƙarar likita za ta koma lissafin kashi-kashi, nauyin zai yi wa hukumar lafiya yawa, kuma sauyi irin wannan aikin majalisar dokoki ne. Sun kuma lura cewa mai ƙarar yana nan da ransa bayan shekara goma, wato abin da ake tsoro bai auku ba. Sauran biyun, Lord Nicholls da Lord Hope, suka saɓa. A ganin Lord Nicholls ba adalci ba ne a ce wanda damarsa ta ɗan haura rabi a biya shi, wanda tasa ta ɗan gaza rabi kuwa ya tashi a tutar babu, alhali wajibin likita a kan su biyun ɗaya ne.

Ba duk duniya ce ta bi Ingila ba. Kotunan Faransa sun daɗe suna biyan diyyar damar da aka salwantar, haka ma waɗansu jihohin Amurka, kamar Washinton a 1983 da Masacusets a 2008. Hukuncin kotunan Ingila na wannan zamani ba wajibi ne a kan alƙalin Nijeriya ba, amma ana kafa hujja da shi kuma yana da nauyi, don haka lauyan asibiti ba zai manta da Gregg da Scott ba. Duk da haka akwai abin da mai ƙara zai iya nema ba tare da ya shiga wannan rami ba: kuɗin da ya kashe a kan maganin da ba na cutarsa ba, da azabar watannin jinkiri, da ƙarin magani mai tsanani da bazuwar cutar ta jawo, da abin da ya rasa na noma ko sana'a. Sai dai kotu za ta duba nasa jinkirin shi ma. Watannin da ya yi yana zagayen kemis da masu maganin gargajiya, ko ya ƙi yarda a yanki tsoka saboda camfin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, ba za a ɗora su a wuyan likita ba, kuma suna iya rage diyyar.

Ƙofofin neman haƙƙi

Ƙofa ta farko tana cikin asibitin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a sanar da shi halin lafiyarsa da hanyoyin binciken da ake da su, ta wajabta wa asibiti ajiye bayanansa, ta kuma ba shi damar kai koke a bincika. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata, wanda ya tattara waɗannan haƙƙoƙi wuri guda.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ladabtar da likitoci. Ana kai koke a rubuce tare da rantsuwa ga kwamitin bincike da Dokar Likitoci ta kafa. Idan ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista, kuma ana ɗaukaka hukuncinta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wannan kotu ba ta ba da diyya. Amfaninta shi ne kare majinyatan gaba.

Ƙofa ta uku ita ce Babbar Kotu, inda ake neman diyya daga likitan da kuma asibitin da ya ɗauke shi aiki, domin doka tana kama maigida da sakacin ma'aikacinsa. Idan majinyaci ya rasu, iyalinsa ne ke ƙara a ƙarƙashin dokar mutuwar haɗari da jihohin Arewa suka gada. A nan akwai tarkon da ya kayar da ƙararraki masu yawa. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ke da takwarorinta a jihohi, ta ce ƙarar da ta shafi aikin jami'in gwamnati sai a shigar da ita cikin wata uku da aukuwar abin, ko da ƙarewar cutarwar idan mai ci gaba ce. A shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna ta 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba mutane kaɗai ba. Mafi yawan asibitocin da talakan Jigawa ke zuwa na gwamnati ne, wata uku kuwa a gidan da ake jinyar sankara ko ake zaman makoki kamar ƙiftawar ido ne. Dokar tana da togaciya, amma lauya ne zai san ko ta shafi mai ƙara, saboda haka ganinsa da wuri ya fi. Wanda ba shi da hali yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975.

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Mutane da yawa suna barin haƙƙinsu da cewa haka Allah ya ƙaddara, suna ganin ƙarar likita kamar jayayya ce da ƙaddara. Malaman Musulunci ba su ɗauki abin haka ba, domin lamunin likita babi ne sananne a fiƙihu. Akwai hadisi a littafin Abu Dawuda da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa masanin likita idan ya yi kuskure a aikinsa diyya ta wajaba irin ta kisan kuskure, jahilin da ya yi shigar likitoci kuwa har horo ake yi masa. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani gida biyar a Zadul Ma'ad, ya kuma nuna cewa ƙwararren da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda sana'ar ta tanada, babu lamuni a kansa ko da majinyaci ya mutu. Mai karatu zai ga kusancin wannan da ma'aunin Bolam, ga shi kuma ya riga shi da ƙarnoni. Yafewa alheri ne, sulhu ta hannun dattawa da masu unguwa shi ma alheri ne, amma mai yafewa ya kamata ya san abin da yake yafewa.

Kammalawa

Abin da ke ceton mai limfoma da abin da ke ceton ƙararsa abu ɗaya ne, wato kula da lokaci da adana takarda. Kaluluwar da ta wuce wata guda ba ta baje ba, ko ta fi santimita biyu, ko ta fito a saman ƙashin wuya, ko ta zo da gumin dare da rama, ta asibiti ce, haka ma kumburin muƙamuƙi ko na ciki mai saurin girma ga yaro. Wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka saboda kaluluwa yana da haƙƙin ya tambayi gwajin da aka dogara da shi, kuma idan ya cika wata biyu bai ga sauƙi ba ya nemi a auna tsokar. Katin asibiti da rasit da takardar sakamako da kwalin magani duk a adana su, a kuma samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar kowace zuwa da abin da aka ce. Likitan da zai karɓi majinyaci a Dutse ko Kano yana bukatar waɗannan don ya san inda aka kwana, alƙali ma su zai nema.

A ɓangaren likita kuwa, babu garkuwar da ta fi rubutu a fayil: girman ƙullutu da awo, nauyin majinyaci, cututtukan da ake zato, ranar da aka ce ya dawo, da ranar da aka ba shi takardar turawa, har da ƙin tafiyarsa idan ya ƙi. Likitan da ya rubuta cewa yana zaton tarin fuka ne, amma za a auna tsoka idan babu sauƙi bayan mako takwas, ya kuma cika abin da ya rubuta, da wuya kotu ta kama shi, kuma da wuya majinyacinsa ya kai wata tara bai san cutar da ke cinsa ba.